Kogon Batu a Malesiya: Yadda Baƙo Yake Shiga Wurin Ibadar 'Yan Hindu

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye da ɗalibai, ina yi muku barka da yamma. An nemi in yi magana a kan yawon buɗe ido a wuraren ibadar da ba namu ba, sai na ga ya fi kyau in ɗauki wuri guda da na taka da ƙafata, wato Kogon Batu da ke gundumar Gombak a jihar Selangor ta Malesiya, kimanin kilomita 13 arewa da Kuala Lumpur. A wannan gunduma ce Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa take, saboda haka 'ya'yanmu da ke karatu a can sun san wurin sarai.

Dutsen da kogon yake ciki na farar ƙasa ne, kuma masana sun ƙiyasta shekarunsa da kusan miliyan 400, ruwa ne ya yi ta cin cikinsa har ya zama koguna. Kafin a mai da shi wurin ibada, manoma 'yan asalin Sin sukan shiga su kwashi kashin jemage don takin lambu. Wani ɗan kasuwa ɗan ƙabilar Tamil, Thamboosamy Pillai, shi ne ya keɓe babban kogon ga Murugan, abin bautar da Tamilawa suke girmamawa ƙwarai, bayan ya ga bakin kogon ya yi kama da tsinin mashin da ake danganta shi da Murugan. Tun daga 1892 ake yin bikin Thaipusam, wato bikin girmama Murugan, a wurin kowace shekara.

Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa na KTM, wanda tasharsa take dab da ƙofa, abin da zai fara cika masa ido shi ne gunkin Murugan mai launin zinariya, tsayinsa mita 42.7, wanda aka ƙaddamar a watan Janairu na 2006. A gefensa matakala ce mai hawa 272, wadda aka yi wa fenti kala-kala a 2018, kuma tun daga lokacin masu ɗaukar hoto suka ƙaru. Hawan yana sa haki, musamman da zafin ƙasar mai ɗanshi, don haka a yi sammako. Birai kuma suna zaune a bakin matakalar, sun ƙware wajen fizge leda da robar lemo, ni kaina sun raba ni da ayabar da na saya a ƙasa tun ban kai rabi ba.

A nan nake son mu tsaya mu yi nazari. Ɗan yawon buɗe ido yana hawa da waya a hannu yana neman inda hoto zai yi kyau, alhali tsohuwar da ke gabansa, wadda take hawa ba takalmi da tulun madara a ka, alwashi ta zo cikawa, wataƙila saboda ɗanta ya warke daga ciwo. Matakala ɗaya suke takawa, amma ita ce mai gida, shi kuwa baƙo ne, kuma Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Shi ya sa ake buƙatar tufafin da suka rufe gwiwa, har akwai masu ba da zane a ƙasa ga wadda kayanta suka gaza. Idan an isa cikin kogon, inda rufin ya yi nisan kusan mita 100 kuma haske yake saukowa ta wata kafa a sama, akan cire takalmi kafin a taka harabar ɗakunan ibadar, kamar yadda mu ma ba ma yarda a shiga mana masallaci da takalmi.

Na san tambayar da take zukatan wasunku ita ce matsayin Musulmi a irin wannan wuri. Hukunci na malamai ne, ban zo ba da fatawa ba. Abin da zan faɗa shi ne kallo daban, shiga ibada daban. Mai hidimar wurin yana iya miƙo maka farar tokar da suke shafawa a goshi, sai ka dafa ƙirji ka ja da baya cikin ladabi, ba wanda zai tilasta maka. Haka nan aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu suke bautawa, don haka raha da izgili a gaban masu ibada, ko da da Hausa ne da zaton ba sa ji, ba tarbiyyarmu ba ce.

Bikin Thaipusam yana faɗowa a Janairu ko Fabrairu. Ana jan keken azurfa daga haikalin Sri Mahamariamman da ke tsakiyar Kuala Lumpur har zuwa kogon, dubban ɗaruruwan mutane suna hallara, wasu ɗauke da kavadi, wato wani ƙawataccen kaya da ake sabawa a kafaɗa, wasu kuma sun huda kumatu ko harshe da ƙananan masu. Mai son ganin kogon a tsanake ya zaɓi wata rana dabam, domin a ranar bikin ko wurin sa ƙafa a matakalar yana wuyar samu.

Yanzu sai a miƙo tambayoyi, mu fara da ɓangaren mata.