Jawabin Maraba ga Ministan Harkokin Wajen Nijar, a Madadin 'Yan Kasuwar Jibiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Ministan Harkokin Waje na Jamhuriyar Nijar, iyayenmu sarakuna, malamai, jami'an gwamnatocin ƙasashen biyu, 'yan'uwana 'yan kasuwa da direbobi, barkanmu da wannan rana.

Ranka ya daɗe, sannu da hanya, sannu da ƙura. Ba za mu kira ka baƙo ba, don wanda ya fito daga ƙasar da Maraɗi take bai yi baƙunta a ƙasar Katsina ba. Har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar Maraɗi. Cikin mutanen da ke zaune a gabanka, da wuya ka nuna wanda ba shi da kawu, ko suruki, ko abokin ciniki a Ɗan Isa ko Madarumfa.

Mun ji daɗin zaman da ministocin harkokin wajen ƙasashenmu suka yi a Yamai a watan Afrilun 2025, bayan dogon lokaci ana yi wa juna kallon hadarin kaji. An tattauna farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi wanda ya ratsa ta nan garin, da bututun iskar gas da zai keta Sahara zuwa Aljeriya. Duk muna so, Allah ya nuna mana kammalawarsu.

Amma, ranka ya daɗe, a yi mana uzuri mu faɗi abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Sau biyu a 'yan shekarun nan ana garƙame wannan iyaka. Na farko daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Na biyu bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar, aka daɗe a haka sai Maris na 2024. Waɗanda suka sa hannu a takardun ba su kwana a Magama, nan bakin iyaka, ba. Mu muka ga manyan motoci jere, direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tirela, ya cinye kuɗin guzuri, ya koma sayar da man da ke tankinsa. Mu muka ga albasa ta tsiro a cikin buhu, mai ita yana tsaye yana lissafin bashin da ya ci. 'Yan dako, masu tuwo-tuwo, 'yan canjin sefa da naira, kowa ya zauna hannu rabbana. Su kuwa 'yan fasa-ƙwauri, kakarsu ce ta yanke saƙa, domin iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500 ba a rufe ta da kwaɗo.

Ta ɓangarenku ma, ranka ya daɗe, hana fitar da hatsi a 2024 da hana fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025 sun taɓa mu. Mun san kowace gwamnati tana duba cikin talakanta ne. Sai dai makiyayin Dakwaro da ya yi kiwon rago don kasuwar Najeriya, shi ma talakanku ne.

Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 magana ce ta manya, ba mu da ta cewa. Roƙonmu shi ne kai da takwaranka na Abuja ku rubuta a takarda cewa ko an sami saɓani, abinci da magani da dabbobi za su ci gaba da wucewa. In kuma za a hana fitar da wani kaya, a sanar da wuri kafin mutum ya yi lodi. Sannan a dubi yawan shingayen da ke kan hanya, waɗanda kuɗinsu kan fi na mota, a kuma haɗa kai kan 'yan bindigar da ke tsallakawa ta dajin nan, su yi ɓarna a can su ɓuya a nan.

Bayan an tashi, dattawan kasuwa za su zagaya da kai layin hatsi da kara, ka ji farashi daga bakin masu kaya.

Allah ya ba ka ikon sauke wannan nauyi, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mayar da kai Yamai lafiya. A gaishe mana da mutanen gida.

Wassalamu alaikum.