A wannan fim ɗin ɗan sanda ne bos

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, na faka ne a gefen titi nan Los Angeles ina jiran fasinja. Unguwar da kuke hangowa a bayana ita ce Baldwin Village, a nan aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Training Day na 2001. Jiya da daddare na sake kallonsa. Wanda bai kalla ba ya wuce gaba, don zan fasa ƙwai.

Mu da muka taso a gidan kallo da finafinan Indiya, minti biyar ya ishe mu mu ware akta da bos. Bos ga gashin baki, ga dariyar mugunta, ga yaransa a baya. To a nan Denzel Washington ne bos, kuma ɗan sanda ne mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, Alonzo Harris. An haɗa shi da sabon yaro, Jake Hoyt, wanda Ethan Hawke ya fito a matsayinsa, ya gwada shi na yini guda.

Wallahi rabin fim ɗin ina bayan Alonzo. Mutumin ya iya baki. Duk ɓarnar da zai yi sai ya fara kawo maka hujja, har ka ji ai titi ya gaji haka. Ku duba inda ya tsayar da baƙar motarsa Monte Carlo a tsakiyar mahaɗar titi, ya ɗora wa yaron bindiga a ka, wai sai ya zuƙi wiwin da suka ƙwace. Kai kana ganin horo ne. Ashe an gauraya ta da wata ƙwaya, kuma tarko ne: ranar da yaron ya ce zai tona asiri, gwajin jini kaɗai ya isa ya gama da shi. Tun safe ya shirya masa gadar zare, saboda 'yan dabar Rasha na bin sa dala miliyan 1 kan wani da ya kashe a Las Vegas, wa'adi kuma ƙarfe 12 na dare.

Kada ku ce ƙirƙira ce zalla. A ƙarshen shekarun 1990 garin nan ya sha abin kunyar Rampart, wani sashe na 'yan sandan garin, inda aka kama ɗan sanda Rafael Pérez da satar hodar ibilis daga ma'ajiyar shaidu, daga baya aka soke hukunci fiye da 100.

Inda muka saɓa da abokin zamana shi ne maganar walat. Jake ya ceci wata 'yar makaranta daga hannun wasu 'yan iska a lungu, Alonzo na tsaye yana kallo. Da dare wasu 'yan daba da Alonzo ya sa su kashe Jake suka kwantar da shi a bahon wanka, bakin bindiga a fuskarsa, sai aka laluba aljihunsa aka ga walat ɗin yarinyar, ashe 'yar uwar shugaban 'yan dabar ce. Abokina ya ce alheri danƙo ne. Na ce malam, garin mutum kusan miliyan 4 fa! Marubucin ne ya ji tausayinsa.

Wurin da ya fi shiga raina a unguwar nan ya faru. Alonzo ya yi wa mutane tayin kuɗi su harbe Jake, babu wanda ya motsa. Shekara da shekaru tsoro ne ya sa suke gaishe shi, shi kuma ya ɗauka ƙauna ce. Yana ta ihu suna watsewa ɗaya bayan ɗaya. Rawar nan ce ta ba Denzel kyautar Oscar a 2002.

Af, waya ta yi ƙara. Fasinja ne zuwa filin jirgi, hanyar da 'yan Rasha suka tare Alonzo ke nan. Bari in tayar da mota, sai mun haɗu.