Me ya sa mai gazawar zuciya yake saurin haki?

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai da ɗalibai, na gode da kuka ba ni wannan lokaci. Kafin mu shiga magana, kowa ya ɗora yatsu biyu a gefen wuyansa ya nemo bugun jini, sannan ya dunƙule ɗaya hannun iya ƙarfinsa. Ku riƙe, kar a saki. Baba na can baya, har da kai. Yauwa. Bugun ya ɗan ƙaru, ko? Alhali ko tashi daga kujera ba ku yi ba. To wa ya kai wa zuciya labari?

Mutum yana zaune, zuciyarsa na tura jini kamar lita 5 a minti ɗaya. In ya zabura da gudu, abin yakan kai lita 20 ko fiye. Umarni na farko daga ƙwaƙwalwa yake fitowa: tana cewa ƙafa ta motsa, tana cewa zuciya ta ƙara sauri. Masana Krogh da Lindhard sun bayyana haka a Denmak tun 1913. Akwai kuma 'yan gadi a manyan jijiyoyin jini na wuya da ƙirji, masu lura kada ƙarfin jini ya wuce gona da iri. Amma wanda ya kawo ni yau shi ne saƙon da ita kanta tsoka take aikawa sama.

A Alƙahira aka gano shi, a 1937. Alam da Smirk suka ɗaura wa mutum abin awon hawan jini, suka hura shi har jini ya daina wucewa, suka sa shi ya yi ta motsa tsokar da ke ƙasa da ɗaurin, sannan suka ce ya tsaya. Ya tsaya cak, amma ƙarfin jininsa ya ƙi sauka. Sai da aka sassauta ɗaurin ya faɗo. Dalili? Tsoka in ta yi aiki tana tara asid da sauran tarkace, kamar yadda murhu ke tara toka. A cikinta akwai siraran jijiyoyin saƙo: wasu na jin matsi da miƙewa, wasu na jin wannan tarkacen. Su ne ke kai ƙara ta cikin laka zuwa gindin ƙwaƙwalwa, suna cewa jini bai ishe mu ba. Ɗaurin ya hana jini wanke tarkacen, shi ya sa ƙarar ba ta tsaya ba.

Ga mai lafiya, wannan ƙara alheri ce. Zuciya ta ji, ta ƙara turo jini, an wuce wurin. Mai gazawar zuciya fa, wato wanda zuciyarsa ba ta iya tura isasshen jini? Ko hawan jini ne ya gajiyar da ita, ko kuwa irin wadda ke kama mai jego, wadda Davidson da Parry suka yi nazari a Zariya a shekarun 1970, matsalar ɗaya ce: an kai ƙara wurin wanda ba shi da abin bayarwa. Sai jiki ya koma ga abin da ya rage masa, wato matse jijiyoyin jini. O'Leary da abokan aikinsa a Ditiroyit ta Amurka sun nuna wannan sauyi a jikin karnuka masu tafiya a kan injin gudu. Ku duba abin tausayi: an matse wa ƙoda jini, an matse har na tsokar da ta kai ƙarar, ita kuma zuciyar da ta riga ta gaji an ce ta tura jini ta ƙunƙuntar hanya. Jijiyoyin saƙon nan na cikin tsoka kuma suna zuga numfashi. Shi ya sa za ka ga dattijo daga gida zuwa masallaci sai ya dafa bango sau biyu, ka saurari huhunsa ba ka ji ruwa ba, amma yana haki kamar wanda ya yi tsere.

A 1994 Andrew Coats da abokansa a Landan suka kawo bayanin da ni dai ya gamsar da ni. Zuciya ta raunana, mutum ya rage motsi, tsoka ta rame, ramammiyar tsoka kuma ta fi saurin kai ƙara, ƙarar ta ƙara wa zuciya nauyi. Haka abin ke ta zagayawa. Masana na ta jayayya kan ko masu jin matsi ne suka fi laifi ko masu jin tarkace. Wannan mu bar musu. Abin da ya fi burge ni gwajin da Amann ya yi a Yuta ta Amurka a 2014. Ya sa wa masu gazawar zuciya maganin kashe zafi na fentanil a ƙasan gadon baya don ya toshe saƙon da ke tasowa daga ƙafa, sai ga jijiyoyin jinin ƙafar sun saki, jini ya fi gudana yayin motsi. Zuciyar nan dai ita ce, ba a taɓa ta ba.

Nan ne nake da ƙorafi a kanmu. Da an ce wane yana da ciwon zuciya, sai a shimfiɗa masa tabarma, a hana shi ko ɗaukar buta. Ƙauna ce, na sani, amma tana ramar da tsoka. Piepoli ya nuna a 1996 cewa atisayen hannu na mako 6 kacal ya rage ƙarfin wannan ƙara. Wani babban bincike da aka fitar a 2009, mai mutum 2,331, ya nuna motsa jiki bisa tsari ba ya ƙara haɗari ga wanda ciwonsa ya lafa. Amfanin da aka gani matsakaici ne, ba zan ƙara masa gishiri ba.

Hajiya ta ɗaga hannu tana tambaya ko mahaifinta ya fara gobe. A'a, Hajiya, sai likitansa ya duba shi tukuna. In ƙafa ta kumbura, ko ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai, magani ake fara gyarawa. In ya lafa, a fara da tafiya ta minti 5 ko 10 da sanyin safiya, da saurin da zai iya yin hira yana tafe. Ya ji jiri ko ciwon ƙirji, ya tsaya. Kuma kada ya bar shan magungunan zuciya irin su bisofurolol don ya ga bugunsa ba ya tashi sosai. Aikin maganin ke nan.