Kamfanin littafin da sojoji suka rufe, yau gani a ƙofarsa a Paju

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan da ke shiga makirfo, nan Paju ne, a Koriya ta Kudu, iskar da ke tasowa daga kogi ba ta da wasa, hannuna ma har ya fara ƙagewa. Amma wallahi yau raina fari tas. Kun ga ginin can da ke bayana? Ofishin Changbi kenan, kamfanin buga littattafai da harshen Koriya, kuma tun da na ji labarinsu hankalina bai kwanta ba sai da na zo na ga wurin da idona.

Wani dattijo ne da muke aiki tare ya ba ni labarin. Kullum lokacin hutun rana in kowa ya duƙufa a waya shi sai ya zaro wata mujalla mai kauri kamar bulo, babu hoto babu kwalliya, rubutu ne zalla, yana karantawa yana ja layi da fensir. Da na tambaye shi sai ya ce min lokacin da yana ɗalibin jami'a tsofaffin fitowar mujallar nan a ɓoye ake karanta su, hannu da hannu, ka karɓa da dare ka mayar da safe, don in 'yan sanda suka buɗe jakarka a ƙofar makaranta suka gan ta to ka shiga uku. Na ce mujallar adabi? Waƙoƙi da gajerun labarai? Ya ce ita fa. Tsigar jikina sai da ta tashi, don ni Koriyar da na sani ita ce ta Samsung da jirgin ƙasa mai gudu da finafinan soyayya, sam ban taɓa kawo wa raina cewa mutanen da nake gaisawa da su kullum sun rayu a zamanin da littafi ke kai mutum gidan yari ba.

Bari in fara da hanya, don ita ma abin kallo ce. Daga tashar Hapjeong a Seoul za ka hau jar bas mai lamba 2200, kusan won 3,000 da katinka, bai kai kuɗin kofi ɗaya ba a garin nan. Bas ɗin na bin gefen kogin Han ya yi arewa, kuma kuna fara nisa za ka ga wayar ƙaya ta miƙe a bakin kogi da 'yan ɗakunan gadin soja, saboda iyakar Koriya ta Arewa tana nan kusa ƙwarai. Na manna kyamara a gilashi, ku duba, ga wayar ga ruwa ga agwagin daji suna ta shawaginsu. To a gefen wannan hanyar ne masu buga littattafai suka haɗa kai tun 1989 suka fara shirin gina wa kansu gari guda. Gari fa nake gaya muku, ɗaruruwan kamfanoni, masu tace rubutu da masu zanen bango da masu injin ɗab'i da masu sayar da takarda da manyan ɗakunan ajiya da ake loda littattafai a kai su duk faɗin ƙasa, duk a unguwa ɗaya. Ɗazu na tsaya kallon wani mutum da motar ɗaga kaya yana sauke takarda, kowane ɗauri an naɗe shi da leda ya kai ƙirjina, ƙofar wurin a buɗe, ƙamshin tawada da gam ya bugo ni, injin kuma na ta tsam tsam tsam yana tofo shafuka. Na daɗe a wurin.

To Changbi ɗin. A watan Janairun 1966 wani matashin malamin adabin Turanci mai suna Paik Nak-chung, wanda ya yi karatu a Amurka kuma a lokacin ko shekara 30 bai kai ba, ya fito da mujalla mai fita sau 4 a shekara, Changjak-gwa Bipyeong, ita ce aka taƙaita ta koma Changbi. Ku tuna a lokacin ƙasar nan talauci ne fal, yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, Janar Park Chung-hee ne a kan mulki. Mujallu a lokacin daga sama zuwa ƙasa ake jera rubutunsu, cike da haruffan Sin waɗanda sai wanda ya yi karatu mai zurfi ke iya wa, su kuwa suka jera nasu a kwance suka rage haruffan Sin ɗin sosai, suka ba Hangul fili, wato haruffan da Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443 don talaka ma ya iya karatu. Kuma abin da suka sa a gaba shi ne marubuci kada ya juya wa jama'arsa baya, manomin da aka bari a ƙauye, leburan gini, yarinyar da ke ɗinki a masaƙa har tsakar dare, da kuma ciwon rabuwar ƙasar gida biyu, duk su shigo cikin adabi da bakin da suke magana da shi. A 1974 suka fara buga littattafai gadan gadan, a 1975 suka buɗe jerin littattafan waƙa, na farkon na Shin Kyung-rim ne, waƙoƙi ne a kan rayuwar manoma. Jerin nan bai tsaya ba, a 2024 ya kai littafi na 500. Littattafan waƙa 500 daga kamfani ɗaya jama'a, kuma ana saya!

Gwamnati ba ta ƙyale su ba. A 1974 aka kori Paik daga Jami'ar Ƙasa ta Seoul saboda ya sa hannu a takardar neman a dawo da dimokuraɗiyya. A 1977 aka gurfanar da shi gaban kotu kan wani littafi da ya buga game da ƙasar Sin, marubucin, Rhee Yeung-hui, sai da ya yi zaman kurkuku. Sai 1980 ta zo, Janar Chun Doo-hwan ya ƙwace mulki, a watan Mayu sojoji suka buɗe wa mutanen birnin Gwangju wuta, a watan Yuli kuma aka soke rajistar mujallu 172 a lokaci guda, ta Changbi na ciki. Wani da ya tattara ya koma sayar da littattafan jarrabawa ya huta, su kuwa suka ci gaba da fitar da littattafai, har a 1985 suka sake fito da mujallar a siffar littafi suka liƙa mata lamba ta 57, wato daidai inda aka tsayar da su, kai wannan ƙarfin hali! Hukuma ta fusata ta soke rajistar kamfanin ɗungurungum. Marubuta da malamai suka yi ta sa hannu a takardar koke, kamfanin ya dawo da wani suna na ɗan lokaci, sai bayan gagarumar zanga-zangar watan Yunin 1987 ne mujallar ta dawo a 1988. Shekara 8 a rufe. A 2023 ta fitar da fitowa ta 200, kuma ita ce dai dattijon nan ke ja wa layi da fensir.

Yanzu ku haɗa wannan da abin da ya faru ranar 10 ga Oktoban 2024. Ina nan ƙasar aka sanar da cewa Han Kang ta ci kyautar Nobel ta adabi, mace ta farko daga Asiya, kuma haifaffiyar Gwangju ce. Littafinta da ya ci kyautar Booker ta duniya a 2016, The Vegetarian, Changbi ne suka buga shi a 2007, haka ma wanda ta rubuta a kan kisan Gwangju, da Turanci Human Acts, su suka fitar a 2014. Wallahi ban taɓa ganin irin abin ba, washegari ka je kantin littattafai na Kyobo da ke Gwanghwamun a Seoul sai ka tarar da kanta fayau da 'yar takarda an rubuta sun ƙare, kafin mako ya cika an sayar da littattafanta sama da miliyan ɗaya, injinan nan na Paju dare da rana suke aiki. Ba a yi wata biyu ba, ranar 3 ga Disamba da dare, shugaban ƙasa na lokacin Yoon Suk Yeol ya ayyana dokar soja. Daren nan ban runtsa ba, 'yan uwa daga gida sai kira suke, ni kuma ina zaune gaban talabijin ina kallon mutane cikin sanyin nan sun fito sun tsaya gaban motocin soja a ƙofar majalisa, kafin gari ya waye an janye dokar. Ni dai na yarda har cikin zuciyata cewa da yawa daga matasan da suka fito daren nan sun san Gwangju ne ta hanyar karatu, don ba a haife su ba a 1980, kuma Human Acts ɗin na hannun kowa a makonnin nan.

Abin da ya taɓa ni sosai har na yi shiru a bas shi ne shekarar, 1966. A wannan shekarar ce aka kafa NNPC a Zariya, ta littattafai nake nufi ba ta man fetur ba, wadda littattafanta muka karanta a firamare da sakandare. Tare aka fara kenan. Kuma mu ma muna da marubuta, ko a Kano kaɗai ka duba yadda mata suka riƙe rubutu shekara da shekaru, amma marubuciya ita ce mai tace rubutunta, ita ce mai neman kuɗin ɗab'i, ita ce mai bin bashin 'yan kasuwa, yanzu kuma ita ce mai tallata shi a WhatsApp. A nan marubuci rubutu kawai zai yi, akwai edita da zai zauna da shi watanni a kan littafi ɗaya, akwai mujallar da za ta fara gabatar da shi, akwai masu sharhi da za su yi ta muhawara a kansa. Masu jin Hausa sun kai masu jin Koriyanci ko ma sun fi, to me zai hana? Ina kewar gida wallahi, kuma irin wannan gidan littafin nake mana kwaɗayi.

Ba wai mala'iku ba ne, a 2015 sun sha suka sosai a wurin masu karatu kan yadda suka fara kare wata shahararriyar marubuciyarsu da aka zarga da kwafen rubutun wani, kuma ni a ganina sukar ta dace, don wanda ya yi suna da faɗin gaskiya dole a fi sa masa ido. A ƙarshen shekarar ne ma Paik ya sauka daga kujerar edita bayan shekara 50.

Kuma kar ku ɗauka siyasa kawai suke bugawa. Suna da littattafan yara tun shekarun 1970, suna da na matasa, suna da reshen da ke buga littattafan koyar da harshen Koriya na makarantu, su ne kuma suka kafa kyautar adabi ta Manhae a 1973. Ni ɓangaren yaran na fi so, ga wanda na saya, won 13,000, ku dubi 'yar takardar nan da suke ɗaura wa littafi a ƙugu kamar ɗamara, kusan kowane sabon littafi a Koriya da ita yake zuwa, a kai ake rubuta yabo da kyaututtukan da ya ci. Alhamdulillahi yanzu irin wannan ina karanta shafi guda cur ba tare da na buɗe ƙamus ba, ɗazu na karanta wa mai kantin layin farko da ƙarfi sai da ta tafa min, ta ce lafazina ya fi na baƙi da yawa da take gani.

In kun zo kar ku tafi ba ku shiga laburaren nan da suke kira Jihye-ui Sup ba, an buɗe shi a 2014, shiga kyauta ne, kantocin littattafan tsayinsu ya kai mita 8, sai ka ɗaga kai har wuyanka ya yi ciwo. Littattafan duk kyauta ce daga malamai da kamfanoni, an jera na kowa a wurinsa da sunansa, ba a aro, a nan za ka zauna ka karanta. Na ga wani uba ya zaunar da 'yarsa a cinya a ƙasa yana bin layi da yatsa, ita kuma tana ta ƙoƙarin riga shi juya shafi.

Amma ina gargaɗinku, ku taho da abincinku. Nan ba Itaewon ba ce, unguwar nan ta Seoul mai gidajen abincin halal, ba za ka ga alamar halal a titi ba, kuma miyarsu ko ba ka ga nama a ciki ba sau da yawa da romon ƙashi ake yin ta, ni burodi da dafaffen ƙwai da ayaba na sa a jaka, sallah kuma sai ka nemi lungu mai tsabta ka shimfiɗa dardumarka. Kar kuma wani ya zo da niyyar ciniki, tun 2014 doka ta hana a rage wa sabon littafi sama da kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa, ko a kanti ko a intanet, in kana son araha sai ka nemi shagunan tsofaffin littattafai, akwai su a nan cikin garin. Ofisoshin kamfanonin kuma wurin aiki ne, kar ka kutsa kai da kyamara, ni ma kun ga daga waje na tsaya. Sannan in lokacin sanyi ne ku sa safar hannu ku zo da wuri, da yamma ta yi titunan nan shiru suke yi kamar an yi shara, kantuna na rufewa, ka tsaya jiran bas iska na yankar kunnenka. Ga ma 2200 ɗin can ya karyo kwana, bari in ruga, wanda ke Zariya a cikinku don Allah ya ɗauko min hoton ginin Gaskiya, wato gidan NNPC ɗin nan, ya turo min, ina so in nuna wa dattijon nan.