Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: kakar LSU ta 2019

Jama'a masu sauraro, yau sharhinmu ya tsallaka Amurka ne, wajen ƙwallon nan tasu ta jami'o'i, wadda ake sa hular kwano ana rungumar ƙwallo mai kamar ƙwai ana karo da juna. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne koke-koken da wasu manyan kocina da masu sharhi na can suke ta yi wai kuɗi sun lalata wasan tunda aka fara biyan yara, wai a da ana yi ne don kishin makaranta, kuma in suna son ba da misalin wancan zamani mai tsafta sai su ce ku tuna LSU ta 2019. To mu tuna ɗin, amma fa mu tuna da komai.

LSU jami'ar jihar Luwiziyana ce da ke Baton Rouge, kuma a gaskiya kakar da suka yi a 2019 ba a cika ganin irinta ba. Wasa 15 suka buga, 15 suka ci. Sun bi Alabama har gida suka doke ta 46 da 41, suka lallasa Georgia 37 da 10, a wasan kusa da na ƙarshe suka yi wa Oklahoma 63 da 28, sannan ranar 13 ga Janairun 2020 a New Orleans suka ɗauki kofin ƙasa a kan Clemson da ci 42 da 25. Mai jefa musu ƙwallo Joe Burrow sau 60 yana jefa ƙwallon da aka kai ƙarshen fili aka ci maki a kakar nan, shi ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon shekara. Filin wasansu na gida yana cin mutum sama da dubu 100, ga tikiti ga riguna ga kuɗin talabijin.

Nawa aka ba yaran da suka yi wannan aiki a matsayin albashi? Ko sisin kwabo. Dokar hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta lokacin ta ma hana ɗan wasa ya yi talla da sunansa ko fuskarsa a biya shi. Shi kuwa koci Ed Orgeron, ko wata ɗaya ba a yi da ɗaga kofi ba aka sabunta masa kwantiragi na shekara 6 a kan dala miliyan 42. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wallahi ban san wani suna da ya fi wannan dacewa ba.

Ku saurari abin da ya faru a daren kofin ma. An tashi wasa, takardun ado na ta zubowa daga sama, yara na rungume juna jikinsu sharkaf da gumi, sai ga Odell Beckham Jr., tsohon ɗan makarantar da ya riga ya zama tauraro a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, ya shigo fili da damin kuɗi a hannu yana ƙirgawa yana danƙa wa 'yan wasa, kyamara na ɗauka. Nan take hankalin hukumomi ya tashi, da farko aka ce wai kuɗin na bogi ne, daga baya aka amsa cewa na gaske ne, aka yi bincike aka ce dala 2,000 ne ya raba wa mutum 4, jami'ar da kanta ta haramta wa Beckham shiga wuraren atisayenta har shekara 2. Dala 2,000 fa jama'a! Ita ce ta zama abin kunya abin bincike, miliyan 42 ɗin koci kuwa babu wanda ya ce uffan. Wannan ne tsaftar da ake mana kukan ta wuce?

Na san amsarsu, kullum ita ce dai, ai ana ba su karatu kyauta da abinci da wurin kwana. Haba. Wane ma'aikaci ne a duniya zai kawo wa wurin aikinsa miliyoyi a ce masa ladanka ɗakin kwana da tuwo? Kuma karatun ma yaushe ya samu sukunin yinsa, tun asuba yana ɗaga ƙarfe, da rana atisaye, da dare kallon bidiyon abokan karawa, ƙarshen mako yana cikin jirgi. Sai su ƙara da cewa ai za su tafi NFL su yi arziki. E, Burrow shi aka fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NFL suka yi a 2020, kuma mutum 14 aka ɗauka daga LSU a shekarar, amma ƙungiyar ta haura mutum 100, kuma a faɗin ƙasar ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'a ne ke samun wannan dama. Sauran su koma gida da gwiwar da aka yi wa tiyata da kan da ya sha karo, aljihu fayau. Shi Burrow ɗin ma da ya tsaya karɓar Heisman da hawaye a idonsa, zancen yaran yankinsu na Athens a jihar Ohio ya yi, waɗanda ke komawa gida ba abin da za su ci. Daga irin waɗannan gidaje ake ɗebo yaran nan da yawa, sannan a ce musu karɓar kuɗi haramun ne.

Ba ni kaɗai ke faɗa ba. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 9 gaba ɗayansu, ta yanke hukunci a kan NCAA, har alƙali Kavanaugh ya rubuta cewa irin wannan tsari a kusan kowace sana'a ta ƙasar karya doka ne ƙarara. Daga 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su ci kuɗin sunansu, a 2025 kuma kotu ta amince da sulhun da ya bai wa jami'o'i damar biyansu kai tsaye, kusan dala miliyan 20 da rabi kowace makaranta a shekarar farko.

Sabon tsarin yana da hargitsi, wannan ba na musu, yaro ya buga a nan bana baɗi yana can, kuma ina shakkar ƙananan makarantu za su iya jure wannan tsere. Amma kocina tun yaushe suke tsallakawa inda aka ƙara musu kuɗi babu mai cewa sun ci amanar wasa? Sai da yaro ya fara yi ne abin ya zama lalacewa. Diyyar da aka yarda a wancan sulhu za a bai wa tsofaffin 'yan wasa, ciki har da na 2019, dala biliyan 2.8 ce da za a raba wa dubban mutane a tsawon shekara 10, su yi ta jira. Orgeron kuwa da ƙungiyar ta fara faɗuwa aka rabu da shi a 2021, kuɗin sallamarsa shi kaɗai kusan dala miliyan 17.