Zarton tsaga katako: faɗinsa ko ɗaurinsa?

Nura: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau a kan banso za mu tsaya, injin nan mai zarto kamar bel da ke zagaya tayoyi biyu. Wane zarto ake ɗora masa idan za a tsai da katako mai tauri a kan gefensa, a tsaga kaurinsa gida biyu ko uku? Baba Idi na nan, Hajara ma na nan.

Hajara: Baba, ni dai abin da kowa ke faɗa shi ne a sayi mafi faɗin da inji zai ɗauka.

Baba Idi: 'Yata, ɗauka daban, ɗaurewa daban. Ki dubi injin nan mai taya inci 14, wanda ya fi yawa a hannun ƙananan kafintoci. Takardarsa za ta ce yana cin zarto mai faɗin inci 3/4. Zai hau tayar kuwa. To, ki ce za ki tamke shi. Sifirin da ke ɗaure zarton ya gama matsewa, jikin inji ya fara rusunawa, zarto bai kai inda ake so ba.

Nura: Ina ne inda ake so?

Baba Idi: Zarton ƙarfe na yau da kullum yana neman ja kamar fam 15,000 a kan kowane murabba'in inci na jikinsa. Lissafin ke nan: gwargwadon yawan ƙarfen, gwargwadon ƙarfin da inji zai sa. Mai faɗin rabin inci, kaurinsa inci 0.025. Mai 3/4 yawanci ya fi shi kauri ma, 0.032 ko sama. Ka haɗa faɗi da kauri, jan da yake nema ya kusa ninki biyu. Shi ya sa a ƙaramin inji rabin incin da ya ɗauru tam ya fi 3/4 mai sako-sako yanka miƙe.

Hajara: Yaya mutum zai gane ɗaurin bai isa ba? Ma'aunin da ke jikin inji ai yana nuna daidai.

Baba Idi: Wannan ma'aunin kar ki ba shi amana duka, sifiri na gajiya. Katakon ne zai gaya miki. Sama yana kan layi, ƙasa yana kan layi, ki buɗe fallayen biyu ki ga ɗaya ya yi ciki, ɗaya ya yi kwari. Zarto ya lanƙwashe a tsakiya ke nan. Ko ɗauri ya gaza, ko ya dakushe, ko ana tura katako da gaggawa.

Nura: Mai babban inji fa, taya inci 18?

Baba Idi: Shi kam ya sa inci 1, ba magana.

Hajara: Mu koma haƙora. Hankalina ya fi kwanciya da masu yawa, don yankan ya fi laushi.

Baba Idi: A siririn katako, haka ne. Amma ki tsai da katako mai tsayin inci 8. Haƙorin da ya shiga daga sama ba zai zubar da garin da ya kwaso ba sai ya fita ta ƙasa. Ina zai ajiye shi duk tsawon tafiyar? A giɓin da ke gabansa. Zarto mai haƙori 3 a inci, haƙora 24 ne a cikin katakon, kowanne da babban giɓi. Mai 10 a inci, haƙora 80, giɓi ɗan mitsitsi. Nan da nan ya cika, gari ya cushe ta gefe, zafi ya tashi, katako ya fara ƙauri, zarto ya kauce. Don haka 3 a inci, mai ƙugiya, wanda bakinsa ya ɗan karkata gaba kamar digiri 10. Shi ke jan katako da kansa.

Hajara: Amma yana barin zane.

Baba Idi: Yana bari. Ai dama sai an kai shi injin goge fuska. Idan zanen ya dame ki, akwai masu haƙora a gauraye, 3 da 4 a jere, suna rage girgiza.

Nura: Baba, a nan zan ja da kai. Ni mai bakin kabaid nake so, wato wanda aka manna wa haƙoransa wani ƙarfe mai tsananin tauri. Fuskar katako na fitowa sumul, kuma yana daɗewa bai dakushe ba.

Baba Idi: Ban musa ba, ɗana. Wanda ke tsaga katakon tik kullum yana bukatarsa, don tik na da silika, sinadarin yashi mai cin kaifi. Katakon iroko ma akan tarar da wani abu kamar dutse a cikinsa. Amma yawancin masu kabaid jikinsu ya fi kauri, suna neman ja wajen fam 25,000 a murabba'in inci. Ka ɗora mai kauri a ƙaramar taya, kullum yana lanƙwasawa yana miƙewa, sai ƙarfen ya tsage daga giɓi ya tsinke, haƙora da sauran kaifinsu.

Nura: Akwai siraran da aka yi don ƙananan injuna fa.

Baba Idi: Akwai, su za ka nema, ka duba kauri kafin komai. Tsakanin na yau da kullum da mai kabaid kuma ga baimetal, wato zarton da aka haɗa da ƙarfe iri biyu, mai haƙoran ƙarfen da ake kira M42 da ke da sinadarin kobal kashi 8 cikin 100. Yana jure zafi, amma shi ma yana son ɗauri mai ƙarfi.

Hajara: Karkatar nan da zarto ke yi zuwa gefe guda, laifin inji ne?

Baba Idi: Sau da yawa laifin zarto ne. Haƙoransa a lanƙwashe suke, ɗaya dama ɗaya hagu. Kika yanka da'ira da shi, ɓangare guda ya fi cinyewa, daga nan sai ya riƙa bin ɓangaren da ya fi kaifi. Zarton tsagawa, tsagawa kaɗai. An gama a sauke shi a rataye, a sa wani.

Hajara: Idan falle ya fito miƙe, da safe kuma ya kwanta kamar kwale-kwale?

Baba Idi: Wannan ba ruwan zarto. Sau da yawa cikin katako ya fi wajensa danshi. Ki tsaga da ɗan rarar kauri, ki jera fallayen da 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa, a ba su kwanaki kafin a goge.