Fodkas daga Maradi: "Muhammadin" amma "Ibrahima"

Rabi: Jama'a barkanmu da warhaka. Malam, tambayar da ke cina ke nan tun ina makarantar allo: a tahiya muna cewa "ala Muhammadin", da mun iso ɗaya sunan sai mu ce "ala Ibrahima". Me ya hana "Ibrahimin"?

Malam: Wannan aikin nahawu ne, Rabi. Sunan baƙo ne a Larabci, daga Ibrananci ya zo, su suna cewa Abraham. Malaman nahawu sun ce sunan yanka na ajami, wato wanda ba na Larabci ba, ba ya ɗaukar tanwini, irin wannan "in" ta ƙarshen "Muhammadin", kuma inda ya kamata a yi masa wasalin ƙasa sai a yi masa na sama. Haka Isma'ila, haka Ishaƙa, haka Yusufa.

Iro: Allah gafarta Malam, ai Nuhu ma ba Balarabe ba ne.

Malam: Ka kawo ta! Nuhu da Luɗu gajeru ne, baƙi uku da ɗauri a tsakiya, shi ya sa aka sassauta musu, suna ɗaukar tanwini. Kuma a ruwayar Hishamu akwai wuraren da ake karanta "Ibrahama" a Alƙur'ani, kun ji ya matso kusa da asalinsa.

Rabi: To Iro, ku fa? Wa ya yanke muku suna haka?

Iro: Kakata! A takardar haihuwa Ibrahim ne, mushe, wato malaminmu a lakwal, ma haka yake kira. Amma gwada ki haɗa shi da wani suna. Sai kin ce "Ibrahim ɗin Hajiya", bakin na ciza. "Iron Hajiya" kuwa sumul. Bahaushe ya fi son suna ya ƙare da wasali, nan aka samu Iro da Ibro.

Rabi: Zabarmawa kuma Buraima, wanda ake rubutawa Boureima a takardun Faransanci. Senegal da Gini, Ibrahima.

Malam: Ni a ganina wannan "a" ta Ibrahima daga karatu ta fito, kunne ya saba jin ta sau da yawa a salla. Mutanen Maroko da Aljeriya suna cewa Brahim. Rashawa ba su da "h" irin tamu, sai suka ce Ibragim.

Iro: Malam ya bar babba! Ɗan ƙwallon nan Zlatan Ibrahimović. Wutsiyar nan "ović" ɗa take nufi a yankin Bosniya, inda mahaifinsa ya fito.

Rabi: Kenan da a Maradi aka haife shi, Ɗan Iro za a ce.

Iro: Da tuni yana buga mana ƙwallo a Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar.